Me za mu kira "prebuilt" da Hausa, me kuma za mu kira wadda mutum ya haɗa da kansa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai kalmomi biyu da ke yawo a bakin masu kwamfutar tebur, har yanzu ba su sami Hausa tsayayya ba. Ta farko "prebuilt", wato kwamfutar da aka saya a gama haɗa ta, da manhajarta a ciki, sai dai a jona wuta da monita a kunna. Ta biyu "custom build", wadda mai ita ya sayo kayan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura su cikin akwati. Sharaɗi biyu nake so mu kiyaye. Kalmar ta shiga jimla ba tare da ta sarƙe harshe ba, sannan kada a ruɗe ta da zancen sabuwa ko tsohuwa, don wancan wani batu ne daban. Shawarata ta farko: "haɗaɗɗiya" da "ginin kai". Bismillah, a gyara mini.

Ɗan Sukurudireba:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire "gini" daga lissafi. Bahaushe yana gina ɗaki, yana gina rijiya, yana gina tukunya, amma inji haɗa shi ake yi. "Ƙira" ma ba ta shiga, domin babu abin da mai wannan aiki yake narkawa ko bugawa. Kaya bakwai ko takwas ne da masana'antu suka riga suka ƙera: furosesa (ƙwaƙwalwar injin), madabod ko bod (babban allon da ake jona komai a kai), ram (sandunan ma'ajiyar wucin gadi), ma'ajiyar SSD, fawa mai raba wuta, abin sanyaya furosesa, akwati, sai katin hoto ga mai bukatarsa. Sukurudireba ɗaya mai bakin kuros ta isa kusan dukan aikin, ba a taɓa dalma ko kaɗan. Saboda haka duk kalmar da za mu tsayar, daga "haɗa" za ta fito.

Malama Nahawu:
Na yarda da "haɗa", amma tushen nan tarko gare shi ta ko'ina. "Haɗaɗɗiya" a bakin matasa yanzu tana nufin mai kyau, mai tsada. Ka ce wa yaro "haɗaɗɗiyar kwamfuta" zai ɗauka yabonta kake yi, alhali ta yiwu ita ce mafi rauni a ofis. "Haɗin kai" kowa ya san ma'anarsa, ba ruwansa da inji. "Haɗin hannu" yana kama da haɗa hannu a yi aiki tare, ga kuma "ta hannu" da muke cewa ga abin da wani ya riga ya yi amfani da shi, abin da Malam ya ce a guje wa ke nan. "Haɗin gida" kuwa labarai sun ɓata shi, an saba jin sa tare da makamai, kuma yana ɗauke da ƙamshin abin da bai kai na asali ba.

Ga ta farkon, me zai hana mu ɗauki abin da harshen ya riga ya ba mu? Muna cewa riga 'yar kanti, a bambanta ta da ɗinkin tela. Kwamfuta 'yar kanti, shi ke nan.

Injiniyan Bod:
Malama, kwatancenki na riga ya yi, amma 'yar kanti tana da rauni biyu. Na ɗaya, wanda ya haɗa tasa ma daga kanti ya sayo kowane yanki. Na biyu ya fi girma: abin da Turawa suka tara a ƙarƙashin kalma ɗaya, a gaskiya iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne abin da ya fi shafar mai saye.

Dalilin da ya sa haɗawar take yiwuwa tun farko shi ne ma'auni na bai-ɗaya. IBM ta fitar da kwamfutarta ta PC a 1981 da kayan da wasu kamfanoni ke iya yin irinsu, sannan Intel ta fitar da tsarin ATX a 1995, wanda ya tsayar da girman madabod, wurin ramukan sukuru da yadda fawa ke shiga. Cikakken bod na ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX kuma 170 da 170. Babbar wayar wuta baki 24 gare ta, ta furosesa baki 8 ko 4. Duk kamfanin da ya bi wannan, kayansa za su zauna da na wani.

To, wasu manyan kamfanonin da ke yin kwamfutocin ofis da yawa ba sa bin wannan a duk samfurinsu. Za ka buɗe akwati ka tarar da bod mai siffa ta daban, wayar wutar baki 6 ce ko 8 maimakon 24, fawar kuma siririya ce mai wat 180 zuwa 300. Ranar da fawar ta mutu, ta kasuwa ba za ta shiga ba, sai irin ta kamfanin. In ka so ƙara katin hoto, ramin PCIe da ake soka katin a bod wat 75 kawai yake bayarwa, kati mai ƙarfi yana son ƙarin waya mai baki 8 da ke ɗaukar wat 150, ita kuwa wannan fawar ba ta da wayar, ba ta da ƙarfin. Sau da yawa ma akwatin ya yi siriri, sai gajeren kati ne zai shiga.

Ɗaya irin kuma, kamfani ne ko mai sana'a ya sayo kayan bai-ɗaya, irin waɗanda kai ma za ka saya, ya haɗa, ya gwada, ya sayar. Wannan in ka buɗe ta ba ta da bambanci da wadda mutum ya haɗa a kan teburinsa. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki biyun nan ba tare da ta yaudari wani ba.

Na Bayan Aji:
Ni dai "jona-ka-kunna" ta fi mini daɗi a baki. Tsarin sha-ka-tafi da taɓa-ka-lashe ne, kowa zai gane.

Malama Nahawu:
Ɗan'uwa, ginin kalmar daidai yake, ba abin da za a ce. Sai dai ta yi faɗi. Linzami ma jona-ka-kunna ne, firinta ma haka. A ajiye ta, akwai wata kalmar Turanci, "plug and play", da take jiran ta.

Ɗan Sukurudireba:
Bari in koma kan ta biyun, don ina ganin amsarta tana cikin abin da ke lalacewa. Wanda ya zaɓi ya haɗa da kansa, abin da ya ɗauka a wuyansa ba ɗaure sukuru ba ne, wannan awa biyu ko uku ne. Dacewar kayan ce.

Furosesa da soket ɗin bod, wato mazaunin furosesa, dole su dace. Kamfanin furosesa na AMD yana da soket AM4 tun 2016, ya kawo AM5 a 2022, kuma ba sa shiga juna. Intel tana da LGA 1700 daga 2021, sai LGA 1851 a 2024. AM5 ba ta karɓar ram sai nau'in DDR5. LGA 1700 kuwa ya danganta da bod ɗin, wani DDR4 wani DDR5, babu mai ɗaukar duka biyun a rami ɗaya, don tsagar da ke gindin sandar ba a wuri ɗaya take ba. Ko soket ya dace ma ba a gama ba. Bod ɗin AM4 samfurin B450 da aka yi kafin fitowar Ryzen 5000 a 2020 ba zai tashi da wannan furosesa ba sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da inji, kuma in bod ɗin ba shi da maɓallin sabuntawa ba tare da furosesa ba, sai an aro tsohuwa.

Sai kurakuran hannu, waɗanda kusan kullum su ne dai:

A soket na LGA ƙananan allurai suna jikin bod ne, ba jikin furosesa ba. Ajiye ta ake yi a hankali, alamar kusurwa a kan alamar kusurwa, ba a dannawa. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ramin ram guda na iya daina aiki. A gindin abin sanyaya akwai siririyar leda da ake mantawa ba a ɓare ba, sai zafi ya haura digiri 90 injin ya riƙa rage gudu. Man da ake sawa tsakanin furosesa da abin sanyaya ɗigo ɗaya ne a tsakiya, matsi ne zai baza shi, in kuma abin sanyayan ya zo da nasa a shafe ba a ƙarawa. Sandunan ram biyu a bod mai ramuka huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu ake sa su in an ƙirgo daga furosesa, in kuwa aka sa su a na ɗaya da na biyu, ko na uku da na huɗu, za su yi aiki a hanya ɗaya maimakon biyu. Ƙafafun tagulla da ke ɗaga bod daga jikin akwati, tara ne ga cikakken ATX, kuma ƙafa ɗaya da ta tsaya inda babu rami tana iya haɗa wuta a bayan bod. Wayar furosesa mai baki 8 da ta katin hoto mai baki 8 sun yi kama a ido, amma jerin wutarsu daban ne, a duba rubutun da ke jikinsu.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi tayar da hankali a banza: an gama, an kunna, fanka na juyawa, monita baƙi ƙirin. Sau tari an jona wayar monita a bayan bod ne maimakon bayan katin hoto. In furosesar Intel ce mai harafin F a ƙarshen lambarta, ba ta da sashen hoto sam, ramin bayan bod ba zai taɓa nuna komai ba. Da DDR5 kuma tashin farko yana iya ɗaukar 'yan mintoci yana gwada ram, a yi haƙuri kafin a kashe.

Duk wannan babu wanda za ka kira ka ce ya zo ya ɗauka. Shi ya sa nake son kalmar ta nuna mutumin: "haɗa-da-kanka".

Mai Fassara:
Madalla, Malam. Amma mace fa? Za ta ce haɗa-da-kanki?

Malama Nahawu:
A'a. Idan kalma ta dunƙule ta daina sauya jinsi. Mace ma wayar tafi-da-gidanka take riƙewa, ba wanda ya taɓa cewa tafi-da-gidanki. Wannan misalin ma shi ne hujjar da ta fi ƙarfi, don a fagen na'urori kunnen mutane ya riga ya saba da irin wannan gini. "Kwamfutarta haɗa-da-kanka ce" jimla ce lafiyayya.

Mai Duba Garanti:
Ku ba ni dama in goyi bayan Injiniya a kan raba ta farkon gida biyu, ta fuskar garanti. Wadda kamfani ya haɗa, garanti ɗaya ne a kan injin gaba ɗaya, galibi shekara ɗaya. Ta ƙi tashi, ka mayar da akwatin dungurungum, neman abin da ya mutu aikinsu ne. Haɗa-da-kanka kowane yanki da nasa: furosesa ta cikin kwali yawanci shekara uku, fawa mai kyau biyar zuwa goma. Wa'adin ya fi tsawo, amma kai ne za ka gano mai laifin, ta hanyar cire kaya ɗaya-ɗaya, ka bar furosesa da sandar ram guda, ka riƙa mayarwa har matsalar ta dawo. Lasisin Windows ma haka: wanda ya zo da injin kamfani a ɗaure yake da wannan bod, ba ya bin ka zuwa sabon inji, mai haɗa tasa kuwa sai ya sayi nasa daban.

Tsakaninsu akwai wanda ya zaɓi kayansa da kansa ya ba gwani ya haɗa masa. Shawarata: "haɗin kamfani" ga wadda aka tarar a gama, "haɗin oda" ga wannan ta tsakiya.

Injiniyan Bod:
"Haɗin kamfani" ta zauna, ta fi 'yar kanti nuna wanda ya yi zaɓin. "Haɗin oda" ma na karɓa. Sai dai ba su rufe ramin da na nuna ba, domin haɗin kamfani na iya zama mai kayan bai-ɗaya, yana iya zama mai kayan da ba sa musanyuwa. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba, sifa ta isa: haɗin kamfani buɗaɗɗe da haɗin kamfani rufaffe.

Mai Fassara:
To, bari in gwada su a jimla mu ji. "Ofis ya sayi haɗin kamfani guda ashirin." "Rufaffe ne, ba zai ɗauki katin hoto ba." "Ba ta son wahalar haɗa-da-kanka, sai ta ba da haɗin oda." Babu wadda ta tsaya mini a wuya. Malama, na janye haɗaɗɗiya.

Na Bayan Aji:
Yallabai Injiniya, ta yaya mai saye zai san buɗaɗɗe ne ko rufaffe, tunda ba a rubutawa a kwali?

Injiniyan Bod:
Takardar bayanin kayan za ka karanta. In an rubuta sunan bod da lambarsa, an rubuta sunan fawa da yawan wat ɗinta, alama ce mai kyau. In furosesa da katin hoto kaɗai aka ambata da manyan baƙaƙe, aka yi shiru a kan fawa da bod, to a nan aka rage kuɗi. In an yarda ka buɗe murfin gefe, ƙirga bakin babbar wayar wuta, 24 kake nema. Duba ko fawar mai siffar akwati ce da sukuru huɗu a baya, sannan ka ga ko akwai wayar baki 6+2 da ke rataye ba a yi amfani da ita ba. Ƙirga sandunan ram: gigabait 16 a sanda ɗaya ba daidai yake da sanduna biyu masu 8 ba, musamman in furosesa ce ke ɗauke da aikin hoto. Bayan an kunna, shiga BIOS ka duba gudun ram ɗin. Sandar DDR5 da aka rubuta wa 6000 takan tsaya a 4800 har sai an kunna XMP ko EXPO, wato saitin da ke ba ram cikakken gudunta, kuma a rufaffen haɗi sau da yawa ba za ka tarar da wurin kunnawar ba ma.