Kuɗin reno: nawa kuke biya, nawa ake biyanku?

Ma'aikaciyar jinya, Kano: Salamu alaikum. Hutun haihuwata ya zo ƙarshe, na je wani gidan reno a unguwarmu, aka ce naira 35,000 a wata, ban da famfas da madara. Na ja matar da ke ɗakin jarirai gefe, ta ce 20,000 take karɓa, yara tara a hannunta. Don Allah wadda ta taɓa wannan harka ta faɗa mana, ina sauran kuɗin ke shiga?

Tsohuwar mai reno, Zariya: 'Yar uwa, shekara uku na yi ina wannan aikin. Bakwai saura nake buɗe ƙofa, kuma ba tashi sai uwar ƙarshe ta zo ɗaukar ɗanta, wani lokaci har bayan magariba. Akwai wani yaro da ba ya barci sai a goye, haka nake ba wani koko da cokali, ina jijjiga wata da ƙafa. Wankin kashi kuwa ba a magana. Albashina 18,000 ne, in an yi hutun zango babu ko sisi. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu ya cinye fiye da rabi, sai na ajiye na koma sayar da awara a ƙofar gida. Wallahi ta fi rufa min asiri.

Mai gidan reno, Kaduna: Ku yi mana adalci. Haya, ruwan 'yan garuwa, man janareto don fanka a watan zafi, duk daga kuɗin nan ne. Iyaye uku cikin goma sai wata ya yi nisa suke biya. In na ƙara dubu biyar, kwashe yara ake yi.

Malamin makaranta, Katsina: Hajiya, hayar ba ta jira, amma albashin masu reno shi ne kullum ake sa wa jira. Kuma doka ma ba ta taimaka ba. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 a watan Yulin 2024, sai dai wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta hau kansa. Wane gidan reno ne a unguwa yake da mutum 25?

Uwar 'yan biyu, Kano: Ni 'yar aiki aka kawo min daga ƙauye, shekararta ba ta wuce 13 ba. Kuɗin ma ba hannunta yake shiga ba, dillaliya ke karɓa ta yanki nata. Ranar da na dawo na tarar ta yi barci a tsakar gida da jaririya a cinya, ga murhu a kunne, na san yarinya na bar wa yarinya. Na mayar da ita. Yanzu surukata ke riƙe min su, ina yi mata cefane da goro.

Ma'aikaciyar jinya, Kano: Na gode. Malam, ban san da zancen mutum 25 ɗin nan ba. Anti ta Zariya, in na kai ɗana gidan renon, zan iya riƙa ba matar wani abu a hannu ba tare da mai wurin ta ji haushi ba?

Tsohuwar mai reno, Zariya: Ki ba ta a waje, bayan an tashi. Mu a wurinmu in aka gani, sai a ce a kawo a raba.