An lalata 'yar yayata, dangi sun ce a rufe maganar. Ina zan fara?

Ummu Sadik, Alhamis, 7:40 na safe

Assalamu alaikum jama'a. Ban runtsa ba jiya, ku yi haƙuri idan maganata ta zo a hargitse. 'Yar yayata ce, shekararta 8. Ranar Talata da la'asar uwarta ta aike ta sayen magi a shagon bakin layinsu, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta shigo ba ta ce uffan ba, ta ƙi cin tuwo, ta kwanta. Jiya da daddare uwar ta ga tana tafiya da ƙyar, aka yi ta lallashi, sannan ta faɗi abin da mai shagon ya yi mata, da cewa ya ce in ta gaya wa wani zai yanka ta.

Mutumin nan ya haura arba'in, sahu ɗaya yake salla da mijin yayata. Tun daren jiya 'yan'uwansa ke sintiri a gidan, wai a je gaban mai unguwa a sasanta, za su biya kuɗin magani, shi kuma ya bar unguwar. Kakar yarinyar ta wajen uba ta ce a rufa asiri, in magana ta fita wa zai aure ta gobe. Sun dafa ruwan bagaruwa suna sa ta zama a ciki. Yayata kuka kawai take yi. Ni zuciyata ta ƙi yarda. A Kano muke. Asibiti zan fara zuwa ko caji ofis? Kuma ni da nake ƙanwar uwa, ina da ikon kai ƙara idan uban ya ƙi?

Sista Maman Ilham, 7:58

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, asibiti, yanzu, kafin ki karanta sauran amsoshi. Aikin jinya nake yi. Akwai maganin da ake kira PEP, na hana kamuwa da cutar ƙanjamau, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara cikin awa 72 da faruwar abin. Daga la'asar ɗin Talata, lokacinku zai cika gobe Juma'a da la'asar, kuma gara yau da gobe.

Ki kai ta cibiyar Waraka da ke cikin asibitin Murtala. Don irin wannan aka buɗe ta, kyauta ce, kuma ba sai kin zo da takardar 'yan sanda ba. Za a duba raunin, a ba ta maganin cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya, a rubuta rahoton likita wanda za a gabatar a kotu. A daina ruwan bagaruwar nan. Kayan da ta sa ranar, idan ba a wanke ba kada a wanke, a naɗe su a takarda, ba a leda ba, leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. Ko an riga an yi mata wanka, ku je.

Abin da ya fi damuna shi ne tambaya. Kada kowane baƙo ya shigo a ce ta sake ba da labari. Kada a ce mata me ya sa kika shiga, me ya sa ba ki yi ihu ba. Ku ce mata kun yarda da ita, kuma ba ta yi laifin komai ba.

Ga masu karantawa daga wasu wurare: Kaduna akwai cibiyoyin Salama, Sakkwato akwai Nana Khadija. Yarinyar da ta fara al'ada ana ba ta maganin hana ɗaukar ciki cikin kwana 5. Yara maza ma ana karɓarsu, don su ma ana yi musu.

Lauyan Talaka, 8:31

Hajiya, kina da iko. Duk wanda ya san an yi laifi zai iya kai rahoto, balle ke jininta. Fyaɗe babban laifi ne da gwamnati ke gurfanar da mai shi, ba rikicin gida biyu ba ne da mai unguwa zai raba. Kano ma tana da dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2023.

Bayan asibiti ku je caji ofis mafi kusa, ku nemi jami'in da ke kula da lamuran mata da yara. Yawanci daga nan ana miƙa fayil ga CID, sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, a Bompai, a kai wanda ake zargi gaban majistare a tsare shi, ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, sannan a fara shari'a a babbar kotu. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana ɗaukar lokaci, kuma a wannan tsakanin ne ake matsa wa iyaye har su janye. Ki rubuta sunan ɗan sandan da ke bincike da ranar kowane zama. Kada ku karɓi ko sisi daga danginsa, ko da sunan kuɗin magani ne. Idan kun ga ana jan ƙafa, ku kira NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane da cin zarafi, a 627, ko ku je Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna tsayawa kyauta. Kada a sa hotonta ko sunanta a Facebook, kuma a hana samarin unguwa taɓa shi.

Dattijon Gwale, 9:15

'Yata, ni zan yi magana ne a kan sulhun, don na taɓa zama a irinsa. Shekarun baya muka taru mu dattawa a zauren mai unguwa, aka sa mutum ya rantse, ya biya kuɗi, ya tashi. Muka ce mun rufa wa yarinya asiri. Ba a shekara ba muka ji ya yi wa wata a inda ya koma, ƙarama ma fiye da ta farko. Har yau in na tuna da hannuna a cikin wannan zama sai na yi istigfari. Asirinsa muka rufa, ita kuwa yarinyar duk unguwa ta riga ta sani.

Za su ce miki Musulmi ana suturta shi. Ki tuna musu Manzon Allah (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Uban kuma kada ki yi fito-na-fito da shi gaban mahaifiyarsa, kunya ce da ruɗewa suka ɗaure shi. Ki samu wansa ko limamin da yake jin maganarsa su keɓe da shi. Amma kada ki jira su gama kafin a tafi asibiti.

Ummu Sadik, 3:20 na yamma

Allah ya saka muku da alheri. Mun je, ni da yayata, an duba ta, ta sha maganin farko. Baba, na bi shawararka, na kira wan mijin, shi ne ya zo da uban har asibiti. Da likita ta yi masa bayani sai ya fita waje ya daɗe, ya dawo ya ce a tafi caji ofis. Kakar har yanzu ba ta yi mana magana. Sista, yarinyar ta ƙi sakin zanen uwarta, ko banɗaki sai an raka ta, kuma daren jiya ta yi fitsarin kwance, abin da ta daina tun tana shekara huɗu.

Sista Maman Ilham, 3:41

Tsoro ne, yara da yawa suna yin haka bayan irin wannan. Kada a yi mata faɗa, kada a bari sauran yara su tsokane ta, a canza shimfiɗa shiru. Ta riƙa kwana kusa da uwarta. Akwai masu ba da shawara a cibiyar, ku koma duk ranar da suka ba ku, ita ma yayarki tana bukatar ta zauna da su. Maganin kuma a kan lokaci kullum har kwana 28 ɗin su cika. Idan ta yi amai jim kaɗan bayan ta sha, ku kira su ku tambaya, kada ku tsayar da shi da kanku.