A taya ni neman Hausar "fomat" ɗin bidiyo

'Yan uwa, ina kula da wani shafi da mata ke biyan kuɗi duk wata su kalli darussan ɗinki. Makon jiya wata Hajiya ta kira ni ranta a ɓace. Ta biya, ta sauke darasi, murya na fita tangaram amma allo baƙi ƙirin. Na ce, "Hajiya, matsalar fomat ce." Ta saki salati, ta ce, "Don Allah ɗana kada a yi wa wayar nan fomat, hotunan jikokina duk suna ciki."

Gaskiyarta ce. A bakin mai gyaran waya, fomat share komai ne. Kalmar ta riga ta samu miji a Hausa, dole mu nemi wata.

Na fara da "siga", kuma tana tafiya: a wace siga bidiyon yake? Sai dai ba ta warware matsalar Hajiya ba, don darasin nata MP4 ne, irin wanda wayarta ta saba buɗewa kullum. A nan na ga ashe abubuwa biyu muke kira da suna ɗaya.

Na farko abin da aka zuba kayan a ciki. MP4, MKV, MOV na Apple, WebM da Google ya fitar a 2010, da 3GP na ƙananan wayoyin da muka yi yayi, aikinsu su riƙe hoto da murya da rubutun fassara wuri guda. Turawa na ce masa kwantena, amma kwantenarmu shago ce a bakin titi. Ni "mazubi" na zaɓa. Ƙwarya mazubi ce, kwano ma haka, kuma ganin kwano ba ya gaya maka abin da ke ciki.

Na biyun shi ya hana ni barci: kodek, wato dabarar da ake matse hoton ya ƙanƙance, waya kuma ta warware shi lokacin kallo. H.264 ya fito a 2003, da wuya ka samu wayar da ba ta san shi ba. H.265 na 2013 kan rage nauyin fayil kusan rabi ba tare da hoton ya lalace ba, shi ya sa na yi kwaɗayinsa don sauƙaƙa wa mata data. Amma tsofaffin wayoyi da yawa ba su iya shi ba. Muryar kuwa da AAC aka matse ta, wanda wayar Hajiya ta sani, shi ya sa take ji ba ta gani.

Wani aboki ya kawo "matsi". Rabin aikin kawai ta ɗauka, babu warwarewa a ciki. "Naɗi" ta yi mini daɗi, sai na tuna 'yan rediyo sun riga mu da naɗar murya. "Ƙulli" kuma tana da warin makirci.

Na tsaya a kan "ɗauri". Ana ɗaurewa, ana kwancewa, kuma duk macen da ta san kallabi ta san ɗauri iri-iri ne, wani na yayi, wani na tun iyaye.

Na gwada a kan Hajiya. Na rubuta mata: "Mazubin daidai yake, ɗaurin ne sabo, wayarki ba ta iya kwance shi ba. Na sake ɗaure miki da tsohon ɗauri." Ba ta sake tambaya ba, ta sauke ta kalla. Yanzu duk darussanmu mazubin MP4 ne, ɗaurin H.264, kowanne da mai nauyi da mara nauyi don masu tattalin data.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, idan kun ji "ɗaurin bidiyo", me zai fara zuwa muku a rai? Ina so in ji kafin in sa ta a shafin.