Yaya ake busar da itacen girki har ya daina hayaƙi?

Mai Tuyar Waina:
Assalamu alaikum. An sassare mana darbejiya da turare a ƙarshen damina, gungume-gungume suna jibge a bayan gida. Bayansu ya bushe, amma in na sa a murhu sai hayaƙi da kumfa a bakin icen, tanda ba ta yin zafi. Wata nawa zai ɗauka, kuma in rufe shi da leda ne?

Mai Faskare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalar ita ce an bar shi gungume. Ruwan itace ta bakin sara yake fita da sauri, ɓawo kuwa riƙe shi yake yi, shi ya sa gungume zai yi watanni a rana cikinsa na nan ɗanye shar. A yanka shi tsawon kamu ɗaya, a faskara kowane guntu gida biyu ko huɗu, kauri kada ya wuce damtsen hannu. Turaren a fara da shi tun yanzu, domin in ya bushe zarensa murɗewa yake yi, gatari sai ya riƙa dawowa.

Wajen jerawa, a sa bulo ko duwatsu, a gitta sanduna biyu a kai, icen ya tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya. In ya taɓa ƙasa, laima za ta hau shi, gara kuma ta same shi a sauƙaƙe. A jera layi ɗaya, bakin saran yana fuskantar inda iska ke kaɗawa, a bar rata tsakaninsa da bango. Kada a tsuke jeren, iska ce ke busarwa fiye da rana. Tsayi ya tsaya iya ƙirji, don kada ya rushe kan yara.

Malamin Gandun Daji:
Malam ya faɗi gaskiya. Sabon sara yakan kai kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wutar sai ta gama ƙone ruwan nan tukuna ta ɗumama tanda, don haka kilo ɗaya na ɗanye bai fi kusan rabin zafin kilo ɗaya na busasshe yake bayarwa ba. Ragowar shi ne hayaƙin da ke sa idonki hawaye da baƙin da ke manne wa tukunya.

Ga gwajin da ba ya ƙarya in akwai sikeli. Ki ɗauko guda biyu ko uku daga tsakiyar jeren, ki yi musu alama, ki auna duk mako. Icen da ya yi kilo 10 yana ɗanye, in rabinsa ruwa ne, zai dawo wajen kilo 6 da kwata idan ya kai kashi 20. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ya gama. In babu sikeli, a faskara guda ɗaya a taɓa tsakiyarsa da kunci: sanyi-sanyi alamar da saura. Busasshe bakinsa tsattsagewa yake, ɓawon ya saki, in an buga biyu su yi ƙara ƙwal-ƙwal.

Batun lokaci, kin yi sa'ar shigowar hunturu. Faskararriyar darbejiya takan isa cikin wata biyu ko ƙasa da haka, turare ya ɗan fi daɗewa. Masu nauyi irin marke, ƙirya da bagaruwa a ba su rani guda, amma su ne masu garwashi mai jimawa. Abin da aka sare cikin damina kuwa ba ya bushewa sosai sai ruwa ya ɗauke.

Mai Gidan Burodi:
Ledar nan Hajiya, a'a. In kika lulluɓe shi har ƙasa, tururin da ke fita ya taru a ciki ya koma kan icen, sai fumfuna da ruɓewa. A rani ba ya buƙatar rufi ko kaɗan. Da damina a ɗora tsohon kwano a sama kawai, ya ɗan zarce jeren, a danne da dutse, gefuna a buɗe.

Kuma a bambanta ɗanye da jiƙaƙƙe. Busasshen da ruwan sama ya daka, bayansa ne kawai ya jiƙe, kwana biyu zuwa uku a rumfa mai iska ya dawo daidai. Na girkin gobe a jingine shi nesa kaɗan da murhu ya sha ɗumi, amma kada a kwana da shi a wurin, gobara daga nan take tashi.

Mai Faskare:
Na ƙara da cewa a riƙa ɗiba daga tsohon jere, sabo a yi masa nasa daban. A bubbuga da sanda kafin a sa hannu, kunama da maciji suna son wurin. Katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, da tsohon turken lantarki, ko ya bushe ƙayau kada ya shiga murhun waina, hayaƙinsa guba ne.