Yaro ya bugu a kai a makaranta: yaushe za a sa masa ido, yaushe za a ruga asibiti?

Shugabar Firamare:

Assalamu alaikum. Ina shugabantar wata firamare mai sashen nazare. Da wuya mako ya wuce ba a kawo yaro ofis da ƙulu a goshi ko fasasshen kai ba, yawanci lokacin tara: an yi karo wajen guje-guje, an faɗo daga benci, ko an yi jifa. Abin da malamai suka saba shi ne a wanke, a shafa man zafi, a ba shi farasitamol, ya koma aji. Iyaye kuma wani ya yi faɗa don ba a kira shi ba, wani ya yi faɗa don an tayar masa da hankali a kan abin da bai kai ba. Ina neman ƙa'idar da zan rubuta in manna a ofis. Wace alama ce ke nuna a tafi asibiti? Ba da magani a makaranta daidai ne? Kuma malamai nawa ya kamata a horar?

Likitan Gaggawa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ke ruɗar malamai shi ne suna auna rauni da yawan jini ko girman ƙulu. Fatar kai cike take da jijiyoyin jini, ƙaramin yanka sai ya jiƙa riga, kuma goshi ƙashinsa mai kauri ne, ƙulu a nan sau da yawa ba ya wuce fata. Wurin da ake tsoro shi ne gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. Idan ta tsage, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da rufin ƙwaƙwalwa. Yaron zai iya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya yi magana lafiya lau, har ya ci abinci, bayan awa ɗaya ko 'yan awanni ciwon kai ya tsananta, amai ya biyo, barci ya danne shi. Saboda wannan ne ba a sallamar yaro don kawai ya ce ya warke.

A tafi asibiti nan take, ba tare da jiran isowar iyaye ba, idan yaron ya suma ko da na daƙiƙu kaɗan ne, ko ya yi jijjiga, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya. Haka idan ya kasa tuna abin da ya faru, yana maimaita tambaya ɗaya, maganarsa ta harɗe, yana tangaɗi, hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, yana ganin abu biyu-biyu, ko barci na ɗibarsa har tashinsa na wuya. A duba kunne da hanci: jini daga kunne, ko wani ruwa garai-garai da ke ɗiga daga kunne ko hanci, alamar tsagewar ƙashin gindin kai ce. Kada a toshe da auduga, a ɗora tsumma mai tsabta a bari ya fita. A haska ido da tocila, idan ɗan baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, lokaci ya soma ƙurewa. Sai kuma wurin da ya lotsa a kai, da ciwon wuya.

Yadda aka bugu shi ma hujja ne ko da babu alama ko ɗaya. Yaron da ya kai shekara 2 zuwa sama idan ya faɗo daga tsayin da ya haura mita ɗaya da rabi, kamar reshen mangwaro, katanga ko gado mai hawa biyu, likita ya gan shi. Wanda bai kai shekara 2 ba, mita ɗaya ma ta isa. Haka wanda babur ya buge a bakin get, da wanda aka san jininsa ba ya tsayawa da wuri. Mai sikila ma a sanar da iyayensa da likitansa da wuri.

Idan yaro ya faɗo daga sama yana kwance, kada a ɗaga shi, kada a girgiza shi don ya farfaɗo, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu yadda ya same shi, kai da wuya da gadon baya su zama layi ɗaya. Idan zai yi amai, mutum uku su juya shi gefe gaba ɗaya lokaci guda. Mai jijjiga kuwa a kawar da benci daga kusa da shi, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo don a san minti nawa jijjigar ta ɗauka. Cokalin da ake cusawa a baki haƙori yake karyawa, ba ya hana komai.

Wani tarko a ƙasarmu shi ne maleriya. Yaro ya bugu da safe, da yamma ya fara amai da ciwon kai, sai a wuce kemis a ce zazzaɓi ne. Duk amai ko barcin da ya biyo bayan bugun kai a cikin kwana biyu, na bugun ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Sannan hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jini a cikin kai, na'urar ɗaukar hoton cikin kai da ake kira CT ce ke nunawa. Ki bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ke da ita kuma tana aiki. Tiyatar ƙwaƙwalwa sai manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Nas ɗin Yara:

Dakta ya gama da masu tsanani. Mafi yawan abin da za ki gani, Malama, ƙanana ne, ga yadda ake yi da su.

Ƙulu: a samu fiya wata mai ƙanƙara ko mai sanyi sosai, a naɗe da hankici, a ɗora minti 10 zuwa 15. Ba a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. Ba a murza ƙulu, ba a danna shi da bayan cokali, ba a shafa man zafi. Ƙulu jini ne da ya zuba ƙarƙashin fata, murza da zafi ƙara shi suke yi.

Fashewa: a sa safar hannu, a ɗora gauz mai tsabta, a danna minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Idan ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko, don cirewa na ɓamɓare jinin da ya fara daskarewa. Auduga ba ta dace da ciwo a buɗe ba, zarenta na maƙalewa. Idan ƙashi ya lotsa ko wani abu ya cake, a danna gefe-gefe kawai, kada a zare. Da jini ya tsaya a wanke da ruwa mai tsabta. Toka, ƙasa, gishiri, man goge baki, kananzir, duk babu. Yankan da bakinsa ya wangale yana buƙatar ɗinki a ranar, kuma a tambayi iyaye ko yaron ya cika rigakafin tetanus.

Maganar magani. Asfirin haramun ne ga yaro ƙasa da shekara 16, kuma yana hana jini daskarewa. A lura, garin Alabukun asfirin ne a ciki. Ibuprofen da diclofenac ma a bar su a ranar farko. Duk abin da ke sa barci, irin Piriton ko maganin tari, kada a kusance shi, zai ɓoye alamar da ake nema. Farasitamol ne kaɗai ya dace, miligiram 15 a kowane kilo na nauyin yaro, ba fiye da sau 4 a awa 24 ba. Yaro mai kilo 16 zai sha miligiram 240, wato mililita 10 na ruwan da aka rubuta 120mg/5ml a kwalbarsa. Ni dai ra'ayina kada makaranta ta bayar sai da izinin iyaye a rubuce tun farkon zango, kuma a rubuta lokacin da aka bayar, don kada a je gida a sake bayarwa.

Bayan haka yaron ya zauna a ofis kusa da babba na aƙalla awa ɗaya, ana dubawa duk bayan minti 15. A tambaye shi sunan malamin ajinsa, me ya ci da safe, me ya faru, a sa ya yi tafiya a miƙe. Kada a bar shi ya kwanta shi kaɗai a bayan aji, kada a aike shi gida da wani yaro. Babba ne zai zo ya karɓe shi.

Kan rikicin iyaye, ƙa'ida ɗaya ta fi sauƙi: duk bugun kai a sanar, komai ƙanƙantarsa, kuma a faɗa musu haka a taron PTA. A buga 'yar takarda da Hausa: ƙarfe nawa abin ya faru, yadda ya faru, wane gefen kai, me aka yi, sai alamomin da Dakta ya lissafa a ƙasa. A gida babu laifi yaro ya yi barci, hana shi barci ba magani ba ne. Abin buƙata shi ne a leƙa shi cikin daren farko a tabbatar yana numfashi daidai kuma yana motsawa idan an taɓa shi.

Mai Horar da 'Yan Agaji:

Hajiya, kuskuren da aka fi yi shi ne a tura mutum ɗaya, yawanci malamin wasanni. Ranar da ya tafi karɓar albashi ko ya yi rashin lafiya, makaranta ta koma babu kowa. A horar da aƙalla uku sosai, da mace da namiji a ciki, a tsara jadawali yadda kullum ɗaya na harabar makaranta daga buɗewa zuwa tashi. Sauran ma'aikata duka, har maigadi, direba da masu kula da 'yan nazare, a ba su horon rabin yini kan alamomin haɗari da abubuwan da ba a yi. Maigadi da masu raino su ne kan fara isa wurin, ba hedimasta ba.

Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana da rassa a duk jihohi kuma tana ba da irin wannan horo. Rundunonin agaji na ƙungiyoyin addini ma suna da masu koyarwa, amma ki tambaya musamman a haɗa da na yara, don ya sha bamban da na manya. Kada ki yarda da horon da lacca ce zalla. Kowane malami sai ya durƙusa ya gwada da hannunsa: riƙe kai da wuya, juya yaro gefe, da yadda ake ceto wanda numfashinsa ya tsaya, wato danna ƙirji a jikin mutum-mutumi sau 30 da hura numfashi sau 2, a gudun danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin kashi ɗaya cikin uku na ƙirjin. A Ingila takardar shaidar taimakon farko na yara shekara 3 take yi kafin a sabunta, amma hannu yana mantuwa tun cikin 'yan watanni. Saboda haka kowane zango a yi atisaye na minti 20: a ce ga yaro ya faɗo daga katanga, a ga wa zai riƙe kai, wa zai kori taron yara, wa zai kira iyaye, wa zai kawo mota, a kuma auna minti nawa aka ɗauka.

A nan ne ake gane inda aka gaza. Akwatin magani na kulle a ofis, makulli na jakar wanda ya fita. Lambar wayar uba ta shekara uku da suka wuce ce. Babu kuɗin mota, sai an tsaya karo-karo. A ajiye akwatin inda kowane malami zai kai hannu, da gauz, bandeji, filasta, safar hannu, almakashi, tocila mai batir da littafin rubuta abin da ya faru, a duba shi farkon kowane wata. A karɓi lamba biyu daga kowane gida duk zango, tare da sa hannun iyaye cewa an yarda a kai yaro asibiti kafin su iso. A kira lambar gaggawa ta 112, amma kada a dogara da ita kaɗai: a yi yarjejeniya da mai mota ko mai adaidaita sahu na kusa. Yaron da ya suma ko ake zargin wuyansa ba a ɗora shi a babur, sai mota, a kwance a kan abu mai tauri, wani na riƙe da kansa.

Ki kuma duba littafin nan ƙarshen zango. Idan rabin faɗuwar a wuri ɗaya ne, bakin kwata ko matakalar da ta gutsure, buhun siminti ɗaya zai rage miki aiki. Ranƙwashi da dukan kai da abin goge allo kuwa a haramta su a rubuce.

Shugabar Firamare:

Allah Ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: wanda likita ya duba ya sallama, gobe ya dawo aji da ƙwallo?

Likitan Gaggawa:

Idan ƙulu ne kawai babu wata alama, ya dawo aji washegari. Idan an ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, wato akwai ciwon kai, jiri ko ruɗewa ko da hoto bai nuna komai ba, ya huta awa 24 zuwa 48, a rage masa waya da talabijin. Daga nan ya dawo rabin yini, a ɗaga masa jarrabawa, a ƙara a hankali muddin ciwon kai bai taso ba. Ƙwallo, kokawa, langa da hawan keke su ne na ƙarshe, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin makarantu da na unguwa ta ce ba a komawa atisayen da ake karo a ciki sai an yi kwana 14 babu alama, kuma ba a shiga gasa kafin kwana 21. Yawancin yara suna warwarewa cikin mako huɗu. Wanda ya wuce haka yana fama da ciwon kai, mantuwa ko saurin fushi, malamin aji ya rubuta abin da yake gani, iyaye su kai wa likita.