Musayar Waƙa: Wa Ke Tokare Ɗaki?

Ɗan Gobarau:
Namiji ne ginshiƙi, shi ke tokare ɗaki,
Shi ke noma, shi ke biyan sadaki,
Mace fitila ce, wurinta cikin ɗaki,
In ta fito iska ta hure ta, ba mamaki.

'Yar Kusugu:
Yaya, sannu da tokare ɗaki da baki,
Zo Daura ka ji wadda ta riƙe mulki,
Daurama na kan karaga, gari na ta aiki,
Bayajidda ya iso baƙo a kan doki,
Ruwan sha ma wurin tsohuwa ya nema.

Ɗan Gobarau:
To wa ya kashe macijin, ƙanwa?
Sai ran Juma'a kuke ɗiban ruwa,
Da wuƙar maƙeran Gaya ya yi sarewa,
Daga Bawo sarauta ta koma ga maza har yau ba dawowa.

Na Ƙofar Soro: Kai! Katsinawa ba a ja da ku. Daura ta yi shiru.

Malam Mai Aruli: Ɗana, ɗangonka na ƙarshe ya fi 'yan'uwansa tsawo, kari ya karye. Baitinka na farko kuma ka maimaita "ɗaki" a amsa-amo.

Na Ƙofar Soro: Gafarta Malam, ita da ta saki amsa-amo a ɗango na biyar fa? Ko don 'yar garinku ce?

Malam Mai Aruli: Ƙwar biyar ta yi, wato baiti mai ɗango biyar, ɗango na biyar babban amsa-amo ne, daban yake zuwa. Je ka tambaya.

'Yar Kusugu:


Babanmu ya rasu ina 'yar aji uku,
Inna ta ɗaura zane, ba ta kai kuka ga kowa cikinku,
Asuba tana matse tunkuza, hannu duk ya ƙuƙu,
Ƙuli-ƙulinta ya kai mu makaranta, mu uku.
Yaya, wannan ɗakin wa ya tokare shi?

Goggo Mai Carbi:
'Ya'yana, Nana Asma'u ta rasu a 1864,
Jajinta, matan da ta horar, suna bin ƙauyuka da malfa, suna koya wa mata karatu.
Ni ban iya kari ba, amma wannan na sani.

Ɗan Gobarau:
Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Inna,
Tawa ma fura ta dama har na girma, ƙanwa,
Amma ciyarwa wuyan miji aka ɗora wa,
Nan nake tsaye.

Malam Mai Aruli: "Inna" da "ƙanwa" ba su haɗu ba, ɗana. Sake ɗangon farko.