Musayar waƙa: Bota, fulawa da maburgi a kicin ɗin Faransa

Uwar Murhu: Salamu alaikum. Maudu'in mako shi ne zaman koyon girki irin na ƙauyukan Faransa, safe kasuwa, rana kicin, har wadda murhu ya gundura ta dawo da marmari. Sharaɗi ƙwar huɗu, kuma kowane baiti ya zo da awo. Bismilla:

In girki ya gundure ki, koma fari,
Bota giram 50 ta narke, ban da hanzari,
Fulawa giram 50, awo ɗaya ne da gari,
Minti biyu ki juya, sauke kafin ƙauri.

Rabin litar madara kaɗan-kaɗan ki zuba,
Maburgi na gudu, idonki yana duba,
Minti goma ta dahu, gyaɗar ƙamshi ta zo gaba,
Beshamel ke nan, fara sol, wa zai ƙi taɓa?

Ɗan Garka:
Yaya, talge ne wannan ya sa kwat ya hau jirgi,
Muciya ta yi ritaya an ɗauko maburgi,
Juye madarar a tashi guda ki ga abin zargi,
Gudaji kamar tsakuwa, sai rariya ta yi ceto.

Malam Mai Aruli: Jirgi, maburgi, zargi, sai kuma ceto? Ɗan Garka, amsa-amonka ya faɗi a ɗango na huɗu, ɗangon farko kuma ya yi jela.

Ƴar Damagaram:
Mai talge, taho ka yi miyar olandez mu gani,
Gwaiduwa uku a kwano kan tururi, ka sani,
Tataccen man shanu giram 200, ga bayani,
Ɗigo-ɗigo, kamar ruwan rijiya da rani.

In zafi ya haura digiri 70, ƙwai ya dunƙule,
In mai ya riga maburgi, miya ta tsinke ta dagule,
Sabuwar gwaiduwa da cokalin ruwa, kar ka ƙyale,
Ɗura tsinkakkiyar a kai sannu, sai ta ƙulle.

Lemun tsami da gishiri a ƙarshe. Bai shiga baitin ba.

Baba Mai Kasko: Kai! Allah ya ja zamanin Damagaram. An kai yaro ƙasa ko ƙura bai tayar ba. Mu dai ƴan bota ne, ƴan Liyon, garin da babbar kasuwar abincinsa ke ɗauke da sunan shahararren kukun nan Paul Bocuse.

Ɗan Garka:
Ƙanwata, bota ba ita kaɗai ce abinci,
A Furobans man zaitun ke riƙe da shugabanci,
Ratatuy ta Nis, yalo ya sha gishiri ya zub da ɗaci,
Zukini, tattasai, albasa, kowa da nasa lokaci,
Soya su dabam-dabam, jibga su tare ganganci.

Furobans yanki ne a kudancin Faransa, Nis birni ne a can, ratatuy kuwa haɗin kayan lambu ce. Wanda ya jibga su tare zai sami fate, don zukini, ɗan dangin kabewa, ruwa gare shi. Tumatir da tafarnuwa sai an zo haɗawa.

Malam Mai Aruli: An ce ƙwar huɗu, ka kawo ƙwar biyar.

Ɗan Garka: Malam, kayan lambun ne suka yi yawa.

Malam Mai Aruli: Ba yawan kaya ba ne. Ɗangon Nis ko a karin Basiɗ ko a karin Kamil ba ya hawa. Rera shi ka ji inda numfashi ke yankewa.

Baba Mai Kasko: Gaskiya ne, Malam. Amma ka auna mana "digiri 70" ma, ko don ƴar ɓangarenmu ce?

Ƴar Damagaram: Baba, kai ɗin nawa ne ko nasu?

Malam Mai Aruli: Ita ma ta karye. Alƙalumma ba sa zama cikin kari, sai an rubuta saba'in.

Gwaggo Mai Romo: Na makara, ku yi haƙuri. Uwar Murhu nake amsa wa.

Kuna miya ba romo, gini ne ba tushe,
Ƙashi a ruwan sanyi, kumfa ta taso a kwashe,
Albasa kashi biyu, karas da seleri ɗai-ɗai, gishiri ƙarshe,
Kaza awa uku, kifi minti ashirin wuta a kashe.

Kuma kar ya yi tafasar hauka, ya riƙa ƙyafta ido kawai. In ya ɓarke da tafasa, mai da kumfa su koma ciki, romo ya gurɓace. Ƙashin ɗan maraƙi kuwa sai awa takwas.

Ɗan Garka: Gwaggo, to giyar inabin da Faransawa suke kwarawa a kasko fa? Da ƴan yanka-yankan alade?

Gwaggo Mai Romo:
Ɗana, faɗa wa mai gida tun kafin ka zo,
Nama ya soyu ya bar maka ja-jan ƙanzo,
Ludayin romo da cokalin khal, kankare da ƙwazo,
In ƙanzon ya yi baƙi zubar, ɗaci ne zai zo.

A madadin alade, ƙyafaffen naman sa ko na agwagwa.

Malam Mai Aruli: Hajiya, "zo" sau biyu a baiti ɗaya. Maimaita amsa-amo aibi ne.

Uwar Murhu:
Malam, tun safe awo kake, ba ka hura wuta,
Fasa ƙwai uku, bota ta yi kumfa a kaskon ta,
Girgiza, juya, minti ɗaya, naɗe ta,
Ciki laushi, waje ba ja, kawo mu ɗanɗana ta.

Malam Mai Aruli: "Ta" uku a jere. Nawa baitin na nan zuwa bayan isha'i.

Ɗan Garka: Kafin nan amalet ɗin ta huce.